Malamin Gona da Birkin Baya

A zamanin En'e an yi wani malamin gona a ƙasar Jama'a, mazauninsa Kafancan. Mutum ne mai tsabta, mai tsimi, ba ya wasa da aikinsa, amma yana da hali guda: muddin abu bai karye ba, ba ya yarda ya tsufa. Abin hawansa wani tsohon babur ne, BSA, irin ƙaramin nan da ake ce wa Bantam, wanda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948, aka daina cikin 1971. A hannu ya saye shi, ya kuwa sha rangadi da shi rani da damina.

Baburan Ingila na wancan zamani da ƙafar hagu ake taka birkinsu na baya, giya kuwa tana dama. Daga matakin akwai siririyar sandar ƙarfe da ta nufi ƙafar baya, ta kama wani ɗan hannu. A cibiyar ƙafar akwai kwanon ƙarfe, cikinsa kuwa ƙarafa biyu lanƙwasassu kamar jinjirin wata, su ne takalman birki. Kowane an lulluɓe bayansa da wani abu mai kaushi, makanikai suna ce masa fata, ko da yake ba ta dabba ba ce. In an taka, sandar ta ja hannun, hannun ya juya wani ɗan ƙarfe mai faɗi, shi kuma ya buɗa takalman su danne kwano. Wannan gogayya ita ke tsai da babur, ita ce kuma ke cinye fatar.

A ƙarshen sandar akwai noti. In fata ta ragu, matakin ya yi nisa, sai a ɗan matsa notin. To, malamin nan ya gane wannan dabara, ya mai da ita magani. Duk wata sai ya durƙusa ya ƙara murɗawa, ya tashi yana murna bai ba makaniki ko kwabo ba.

Ran nan ya shirya zai kai ɗansa Jos. Zuwa ba ta dame shi ba, komowar ce abin tsoro, don sai an gangaro Hawan Kibo, inda hanya ke saukowa daga kan dutse tana karkacewa. Ana jibi tafiya, yana wucewa ta bakin kasuwa, sai wata yarinya mai tallar fura ta gitta masa. Ya taka da ƙarfi. Babur ya tsaya kam, amma birkin ya ƙi saki, ƙafar baya ta cije, ta ja shi ya faɗi a gefen hanya. Yarinyar ta tsira da ƙwaryarta, shi kuwa ya tashi da ƙujewa a gwiwa, da kunya.

A amalanke aka kai baburin rumfar wani tsohon soja, wanda kowa ke ce wa Saje. Yana cikin mutanenmu da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, can ya koyi gyaran mota, da yaƙi ya ƙare a 1945 aka sallame su ya komo da sana'a. Saje ya dubi sandar, ya ga noti ya kai ƙarshen zare. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wa ke ɗaure maka wannan?"

Malam ya ce, "Ni ne, Baba."

Saje bai ƙara magana ba. Ya kafa baburin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya shimfiɗa buhu, ya ce wa Malam ya zauna ya gani. Ya kwance notin sanda, ya raba sarƙa a mahaɗinta, ya sassauta manyan notuna da sifana, ya zaro ƙafar. Kome ya cire sai ya jera shi a kan buhu bi da bi. Da ya buɗe kwanon, ga fata ta zama kamar takarda, ƙusoshin tagulla da ke riƙe ta sun fito sun fara zana kwano. Ya nuna masa ɗan ƙarfen nan mai faɗi, ya ce tun da fata ta ƙare, sai da ya juya ƙwarai kafin takalma su kai ga kwano, har ya tsaya a gicciye ya maƙale. Da a gangaren Kibo ya yi haka, da yaro a baya, Allah kaɗai ya san abin da za a tarar.

Malam ya sunkuya zai hure baƙar ƙurar da ke cikin kwanon, Saje ya riƙe kafaɗarsa, ya jiƙa tsumma ya share. Shi dai abin da ya sani tana sa shi tari. Ashe ya yi daidai, don fatar birki ta lokacin da asbesto ake yin ta, likitoci kuwa sun tabbatar ƙurarsa tana kawo mugun ciwon huhu, har Ingila ta hana amfani da shi ƙwata-ƙwata a 1999. Wanda duk ya buɗe birkin tsohon babur, kada ya hura.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne ɗora sabuwar fata. Saje ya naɗe takalman biyu kamar mai rufe littafi, suka fito tare da sifirin ɗinsu. Ya huda tsofaffin ƙusoshi ya fitar, ya ɗora sabuwa, ya fara bugawa daga tsakiya yana yo waje, don kada ta yi tozo. Kowace ƙusa sai ya shafa da yatsa, ya tabbata kanta ya nutse ƙasa da fuskar fata. Sa'an nan ya goge bakin fatar da magagari, ya bi cikin kwano da samfefa. Giris kuwa, ɗan ƙanƙane ya shafa a wuyan ƙarfen da ke juyawa, ya wanke hannunsa kafin ya sāke taɓa fatar, gama wadda ta sha mai ba ta ƙara kamawa.

Wajen mayarwa ya sa Malam ya danne birki sa'ad da shi ke ɗaure babban noti, don takalman su zauna tsakiyar kwano. Ya haɗa sarƙa, ya juya rufaffen bakin makullinta wajen da take tafiya. Ya yi ta matsa notin sanda har ƙafa ta fara gogawa, kana ya sassauta kaɗan ta juya sakayau. Zaren da ya rage a bayan noti ɗan kaɗan ne, sauran duk yana gaba.

Ya ce, "Malam, sabuwar fata baƙuwa ce, ba ta san kwano ba tukuna. Yau da gobe ka zagaya gari sannu, kana takawa kana saki. In ka zo Kibo ka sa ƙaramar giya, ka haɗa da birkin gaba. Injin irin wannan, da ake gauraya masa mai da fetur, ba ya riƙe mutum a gangare sosai. In ka ji ƙauri, ka tsaya ya huce."

Malam ya biya, bai nemi ragi ba, abin da abokan aikinsa ba su taɓa ji ya yi ba. Aka jinkirta tafiya da kwana ɗaya. Da suka komo daga Jos, a gangaren ya tsaya sau biyu, ya sauke yaron suka zauna a inuwa, yana kai bayan hannunsa kusa da kwanon ya ji ko ya huce. La'asar sakaliya suka shigo Kafancan, ya bi ta rumfar Saje ya ajiye masa goro huɗu.