Daƙiƙa Goma Sha Biyu

A gidan rediyo babu abin da muke tsoro kamar shiru. Idan makirfo yana buɗe, baki ya tsaya daƙiƙa biyar, sai ka hangi mai kula da na'ura ta bayan gilashi yana ɗaga maka hannu kamar gobara ta tashi. Na yi shekaru ina horar da harshena kada ya bar irin wannan giɓi. Sai ga shi shirun da ya fi yi mini ciwo a ɗakin kakarmu ya same ni, cikin Birnin Damagaram, daren da aka kai ƙanwata gidan miji.

Albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, shi ya sa Asabar da Lahadi nake ɗaukar hoton biki. Kyamarata ta hannu ce, haka ma filashar da nake ɗora mata, mai cin ƙananan batura huɗu, waɗanda muke ce wa pil. Bikin ya faɗo a watan Afrilu, ana tsananin zafi, kuran kuma ya ɗauke tun magariba. Na wuni ina ɗaukar ƙawaye da dangi. Da aka shigo da amarya ta yi sallama da Iya, tun daga bakin ƙofa na danna hoto, ban samu komai ba sai ƙeyar mutane. Nan take Iya ta ɗage mayafin, ta tallabi fuskar yarinyar da hannu biyu, ta tofa mata addu'a a goshi. Na sake dannawa. Babu haske. Ƴar jar fitilar da ke nuna filasha ta shirya ba ta kama ba, sai siririn kukan nan nata irin na sauro. Kafin ta kama an mayar da mayafi, an rangaɗa guɗa, an fice.

Washegari na gwada da agogo: daƙiƙa 12 take yi tsakanin haske da haske. Iya ta rasu da daminar shekarar. Abin da ya rage a katin kyamara hoto ne baƙi ƙirin.

Bayan addu'ar arba'in na ɗauki filashar na nufi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a gefen Kasuwar Dole, wanda tun muna yara muke ce masa Baba. Ya sa mita ya auna pil ɗin ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, waɗannan ba su mutu ba, gajiya suka yi. Sa su a rediyo, su yi maka wata."

"To, Baba, me ya hana su aiki a nan?"

"Ka taɓa cika randa da ludayi?"

Daga nan ya warware mini. Pil huɗu, kowane bolt 1.5, sun haɗa bolt 6. Wata ƴar na'ura a cikin filashar ke ɗaga wannan wuta zuwa wajen bolt 300, tana tara ta a cikin kwandansa. Aikinta ne kukan sauron da nake ji. Idan ka danna, sai kwandansan ya juye abin da ya tara gaba ɗaya cikin wani siririn bututun gilashi mai iskar zenon, cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Randar ke nan. Pil su ne ludayi, kuma duk sa'ad da suka ƙara gajiya, ludayin ƙara ƙanƙancewa yake yi. Magani, in ji shi, a nemo guga.

Gugan kuwa batirin fitilar caji ne, irin na dalma wanda aka rufe ruf ba ya zuba, mai bolt 6, an rubuta 4.5Ah a jikinsa. Na ce ina da batirin babur a gida, ya fi girma. Baba ya dube ni ta saman tabarau.

"Bolt 12 ne. In ka gaji da filashar, ba ni ita kyauta, ba sai ka ƙona ta ba."

Wani kafinta ya fere mana itace daidai girman pil, kauri milimita 14, tsawo milimita 50. Baba ya nuna mini cewa a ɗakin batura, yawancin ƙarafan nan aikinsu sada pil da ɗan'uwansa ne kawai. Biyu tak ke shiga cikin filashar, ɗaya na alamar ƙari, ɗaya na ragi. Da mita muka gano su. Muka ɗaura ƙusar murɗawa a kan itace biyu, muka narka dalma muka liƙa jar waya a ɗaya, baƙa a ɗayan, mai kauri, tsawon mita ɗaya da rabi. Ya goge ɗan gefen murfin don wayar ta samu hanya. Kusa da kan batirin, a jikin jar wayar, ya sa fiyus, domin batirin dalma ba shi da rowa: in wayoyin suka haɗu, zai tura wuta har roba ta narke a ƙuguna. Sau uku ya sa na auna kafin na kunna, saboda in aka juya ja da baƙi, filashar na iya mutuwa nan take. Ya kuma hana ni kwance jikinta ko da wasa, don kwandansa yana riƙe wuta ko an cire batura. Sharaɗi na ƙarshe: duk daren da na dawo in sa shi a caji, batirin dalma ba ya son kwana da yunwa.

Muka kunna. Haske, na ƙirga uku, jar fitila ta kama. Na sake, haka. Har da dariya na yi ni kaɗai a tsakiyar kasuwa. Tela ya ɗinka mini ƴar jaka da ƙafar tsohon wando, na rataya a ɗamara. Nauyinsa bai kai kilo guda ba.

Bikin farko da na je da shi a unguwar Zango ne. Na zama kamar makahon da ya samu ido. Duk wanda ya motsa sai na haska shi, da cikakken ƙarfi, babu hutu. Ana tsakiyar rawa na ji ƙaurin roba. Na taɓa kan filashar, na janye hannu da sauri. Farar robar gabanta ta yi tabo ruwan ƙasa, ta ɗan lanƙwashe.

Da Litinin na koma wurin Baba ina ƙorafi. Ya juya ta a hannu, ya shinshina.

"Da sauran ranta. Ɗana, jiran nan da kake zagi, shi ne shan iskarta. Na cire maka jira, ban cire maka zafi ba."

Ya ce in na yi haske ashirin a jere da cikakken ƙarfi, in bar ta ta huta minti goma. Wanda ya fi ma, in rage ƙarfinta zuwa kwata, in ƙara wa kyamarar ISO. Randa ba za ta ƙare ba, balle a jira cikarta, zafin ma ya ragu. Sannan ya tambaye ni abin da ban so ji ba.

"Daren ƙanwarka, kafin hoton da ka rasa, me ka ɗauka?"

Na ce ƙeyar mutane, a bakin ƙofa.

Bai ce komai ba, ya koma kan rediyon da yake gyara. Wata shida ina ɗora laifi a kan pil. Gajiyayyun pil ɗin nan sun cika mini randa, sun ba ni haske guda ɗaya cikakke a daidai lokacin da nake buƙata. Ni na zubar da shi a bakin ƙofa, don yatsana ya ɗauki halin bakina, ba ya iya zama shiru.

Kwanakin baya ƙanwata ta ce in tura mata hoton nan baƙi. Na ce babu komai a ciki, ta ce ita dai in tura. Na sa shi a kwamfuta, na ja hasken har iyakarsa. Duk ya yi tsaki-tsaki kamar garin gero, ba a gane fuskar kowa. Amma a tsakiya akwai inuwar hannu, da zoben azurfa guda da ya kama hasken wayar wani. Shi ta sa a fuskar wayarta har yau.

Batirin yana nan yana aiki, na sauya fiyus sau ɗaya. Yara a wurin biki suna ce masa layar mai hoto. Idan aka ce za a shiga da amarya wurin tsofaffi, nakan riga su shiga, in sami lungu in tsaya, in duba jar fitilar ta kama, in ɗauke yatsana daga maɓalli har sai an ɗage mayafi.