Rigar Wuƙa ta Ciki

Akwai wasu wuƙaƙe da ake ƙerawa a Amurka da Turai, waɗanda ruwansu kan zo lulluɓe da baƙin fenti mai kauri. Fitacciya a cikinsu ita ce Ka-Bar, wadda sojojin Amurka suka karɓa a shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Mu da muka tashi muna ganin wuƙar maƙeri tsirara, wannan fenti bai taɓa kwanta mana ba, musamman idan wuƙar za ta shiga nama, domin yakan ɓanɓare, ya kuma riƙe datti. Saboda haka mukan shafa maganin cire fenti, mu jira ya kumbura, mu kankare shi. Sai dai abin da ke bayyana ba ƙarfe mai walƙiya ba ne. Wata fata ce toka-toka mai kaushi, wadda maganin ba ya yi mata komai.

Wannan fata iri biyu ce. A wasu wuƙaƙen sinadarin fosfet ne da masana'anta ke tsoma ƙarfen a ciki don fenti ya kama, tsatsa kuma ta rasa wurin zama. A wasu kuwa tabon wuta ne da ya rage tun sa'ad da aka gasa ƙarfen don ya yi tauri. Ko wacce ce daga ciki, ta riga ta zama jiki ɗaya da ƙarfen, ba ta fita sai da guga.

Aikin na mai haƙuri ne. Mukan ɗaure wuƙar a kan katako, mu rufe kaifin da tef saboda yatsu, sannan mu naɗe samfefa a jikin wani ɗan icce mai shafaffen baki. Da mai lamba 220 ake farawa, ana ɗiga ruwa ko mai, ana gugawa daga gindi zuwa tsini. Ba a komawa ga mai lamba 400 sai an ga babu sauran toka-toka, haka kuma ba a ɗaukar 600 sai zanen 400 kaɗai ya rage. Wanda ya tsallake mataki, zanen da ya bari zai yi ta kallonsa har ƙarshen aiki. Mai gaggawa kuwa yakan kai ta ga injin wasa wuƙa, zafi ya hau bakinta, ya ga ƙarfe ya yi ruwan ƙasa sannan shuɗi. Da zarar an ga shuɗin nan, taurin ya tafi, wuƙar ba za ta ƙara riƙe kaifi kamar da ba. Sannu dai ba ta hana zuwa.

To, a nan ne maganar take. Ƙarfen irin waɗannan wuƙaƙe, wanda ake kira 1095, yana da kabon kusan kashi 1 cikin ɗari, amma ba shi da kuromiyam kashi 10.5 ɗin da ke hana farin ƙarfe tsatsa. Wato fatar da muka ɓata yini muna gogewa, ita ce garkuwarsa. A busasshiyar iskar hunturun Kano, wuƙa tsirara takan yi makonni lafiya. A nan Kudu kuwa, inda damshi ke shiga har cikin akwati, kwana ɗaya da jini ko gumin hannu ya ishe ta wayi gari da jajayen ɗigo. Mun ga wuƙar da aka goge tana ɗaukar ido ranar jajiberin Babbar Salla, aka mayar da ita kube da danshi bayan fiɗa, kafin a gama suyar nama tsatsa ta ci bakinta.

Don haka kafin mutum ya ɗauki samfefa, ya kamata ya san alkawarin da yake ɗauka: wankewa da zarar an gama yanka, tsanewa da ƙyalle, da shafa ɗan mai kafin a ajiye, muddin wuƙar tana hannunsa. Idan ya san ba zai iya ba, gara ya bar mata tokarta, ko da ba ta yi wa ido daɗi ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Mu dai mun zaɓi gugar, mun kuma ajiye kwalbar mai kusa da kuben.