Rumfar Inna a kasuwar Filinge

Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne. Hanya tana bi ta Baleyara, ta shiga Dallol Boso, ta kai ka ƙasar Kurfai. Ran Lahadi kasuwa ke ci. Kurfayawa, Zabarmawa, Buzaye da Fulani duk nan suke gamuwa.

A kasuwar nan aka yi wata tsohuwa, kowa Inna yake ce mata. Ba ta yi lakkol ba. Da fura da ƙosai ta soma. Riba ta zama akuya, awaki suka zama saniya. Kowace kaka takan sayi hatsi da wake ta zuba rumbu.

Farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo. Bisashe suka mutu, maza suka tafi biɗa. Inna ta buɗe rumbunta. Da shi ta riƙe ɗiya da jikoki, har da maƙwabta. Wanda ya ci bashi, ba ta tambayarsa sai kaka.

Ta ga tattaɓa-kunne kafin ta rasu. Jikanyarta ta gaji rumfar.

Ƴan uwa manoma, in kuna kai hatsi kasuwa, ku rage na rumbu.

Allah ya jiƙan Inna, amin.