Gadon Inna

Kwana arba'in da rasuwar Inna muka taru a ɗakinta da ke bayan kasuwar Roxy, mu uku da ta bari, domin a raba abin da ya saura. Zannuwa da kwanukan jere ba su ba mu wahala ba. Da aka zo kan gadonta sai magana ta tsaya. Gado ne na ƙarfe mai rumfa, irin wanda ake yi wa amare a da. Fentinsa ya kankare, ƙafarsa ɗaya kuwa tun ina yaro aka tokare ta da bulo. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, wa zai kwana a kan wannan yanzu? A kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna shi, a raba kuɗin." Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ke zaune a ciki ɗaya a Adjamé, irin ɗakin da 'yan gari ke kira antire-kushe, wato shiga ka kwanta, ya san taku ɗaya na fili dukiya ne. Na roƙi a ba ni mako guda.

A rubutunmu na boko, gadon kwana da gadon da mamaci ke bari haruffansu ɗaya, sai a baki ake ja wa na biyu wasali. Kujerar sarki ma gado muke ce mata. A cikin makon nan na yi ta juya kalmar a raina, ina tambayar kaina abin da ke sa a adana wani gado, a kai wani bola.

Duniya tana da gadajen da suka yi suna. A 1922, da Howard Carter ya buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar, ya tarar da manyan gadaje uku masu ruwan zinariya da siffofin dabbobi, har da wani ƙarami da ake naɗewa don tafiya. A Landan, a gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert, akwai gadon garin Ware da aka sassaƙa wajajen 1590, faɗinsa ya haura mita uku. Sarkin Faransa Louis na 14 ya sa an mai da ɗakin kwanansa tsakiyar fadar Versailles a 1701. Fadawa kan yi gogoriyon samun izinin tsayawa a gabansa lokacin da zai tashi daga barci, a kan gadon kuma ya mutu a 1715. A zamaninmu, wata Baturiya mai zane, Tracey Emin, ta baje gadonta a hargitse, da dattinsa da komai, a 1998 ta ce aikin fasaha ne, aka kuwa saye shi a 2014 a kan fam miliyan biyu da rabi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni gadon ban mamaki na farko da na gani da idona a Treichville yake, a rumbun da Baba ke ajiye kayan sassaƙa, domin yana cikin Hausawan da suka daɗe suna wannan fatauci a Abidjan. Gadon Senufo ne daga ƙasar Korhogo, an fafe shi daga kututturen itace guda, babu ƙusa babu haɗi, da ƙafafu huɗu masu kauri da tudun matashi a jikinsa. Wata rana da azahar Baba ya same ni ina sharar barci a kai. Ya tashe ni ya ce, "Sauka, ɗana. Masu shi gawa suke shimfiɗawa a kansa ranar jana'iza." Bayan 'yan kwanaki wani Bature ya saye shi, ya ce zai ajiye a falo ya riƙa ɗora kofin gahawa. Baba ya ƙirga kuɗinsa, ya girgiza kai, ya ce barci ƙanin mutuwa. Tun ranar na fahimci cewa gado in ya rabu da mutanensa, itace ne kawai.

Mu ma muna da namu na ban mamaki. Kakata takan ba mu labarin gadon ƙasa da ake ginawa da laka a jikin bango, a bar masa rami a ƙasa inda ake zuba garwashi. Tsofaffi na jin daɗinsa da hunturu, mai jego kuma a kansa take gasa jiki bayan wankan ruwan zafi, ga kunun kanwa. Likitoci a Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa haɗuwar zafin nan da kanwa na da hannu a ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego. Ashe ba duk abin da aka gada ne ake riƙewa ba, kuma wannan ya ƙara wa hujjar ƙanena ƙarfi a zuciyata.

Sai na tuna darasin makarantar allo. Shimfiɗar da ta fi kowace daraja a wurinmu ba ta da zinariya ko kaɗan. Hadisi ya zo cewa Sayyidina Umar ya shiga wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga tabarma ta yi masa shaida a jiki, ya tuna daular Kisra da Ƙaisar, ya fashe da kuka. A daren Hijira kuwa, a 622, Sayyidina Ali ne ya kwanta a shimfiɗar Manzo alhali masu takubba na tsaye a ƙofa. Darajar waɗannan shimfiɗu daga masu kwanciya a kansu ta fito, da abin da suka sadaukar.

Gadon Inna daga Maradi ya taso. An kwance shi, aka ɗora a babbar mota zuwa Wagadugu, daga nan aka sa shi a jirgin ƙasan da ake kira Abidjan-Nijar, wanda layinsa ya isa Wagadugu a 1954 amma bai taɓa ganin Nijar ba. A tashar Treichville aka sauke shi, aka turo shi a kura har Adjamé. Kafin zuwansa Baba a tabarma yake kwana cikin shago, kamar yadda samari da yawa ke yi har gobe, jakarsa a ƙarƙashin kai, ko yaushe yana cewa baɗi zai koma gida. Ranar da aka ɗaura gadon nan ya daina cewa baɗi. Dukanmu uku a kansa aka yi jegonmu.

Abin da ban lissafa ba sai da zaman makoki ya tuna mini. Mata sun yi ta shigowa daga Abobo, daga Koumassi, daga Port-Bouët, wasu ban taɓa ganinsu ba. Kowace ta gama gaisuwa sai ta dubi gadon. Wata dattijuwa ta kama ƙarfen rumfar ta ce mini, "Ɗan nan, wata biyu na yi a kan gadon nan lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba. Uwarka a ƙasa take kwana." Wata ta ce a nan ta yi jinyar ɗanta da aka kawo asibiti. Wata amarya ce da aka kawo daga Zinder, mijinta bai gama neman ɗaki ba. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa a yarintata na fi tuna Inna a kan tabarma, gefen ƙofa. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ita ta haɗa duka biyu, ta ɗora da katifar rimi.

Da mako ya cika, na nemi a yi wa gadon kuɗi kamar yadda shari'a ta tanada, a cire daga rabona. Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka sayi wahala." Yayarmu ba ta ce komai ba, sai washegari ta aiko da zanen gado sabo fil. Na kai ƙafar wurin mai walda, na sa an yi fenti, na janye kayan shago daga ƙaramin ɗakin da ke tsakar gidanmu, na ɗaura shi a can. Matata ta yi ƙorafin ƙarar da yake yi in an juya, kuma da gaskiyarta.

Daren Juma'ar da ta wuce aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata yarinya ce da goyo, ta sauka a tashar Adjamé daga Tawa, lambar wayar mijinta ba ta shiga, wani mai shayi ya nuna mata gidanmu ya ce a nan ake saukar baƙi. Bai san Inna ta rasu ba. Yau kwananta biyar, ana ci gaba da cigiyar mijin, kuma ina jin ƙarar gadon daga ɗakina duk lokacin da ta tashi shayar da jaririn.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa kabarinsu ya fi gadajensu yalwa. Duk wanda ke da tsohon gado a gida, kafin ya kira mai sikeli, ya tambayi tsofaffin unguwa su wa suka kwana a kansa.