Shamuwa Ta Sauka a Wusasa

Bayan ruwan fari, cikin watan Mayu, muka fita da 'yan makaranta daga Wusasa zuwa gindin Dutsen Kufena, da kyamara ɗaya ta aro. Ƙasa sai ƙamshi take yi. Da dare shinge ya fito, gari ya waye ƙadangaru suna wawason saura a lambu. Muka ɗauki hoton jan gwada yana gyaɗa kai bisa katanga.

A kan wani rimi muka ga baƙuwar da muka fito nema, wato shamuwa, bayanta baƙi, cikinta fari, tana kai ƙirare sheƙa. Kowace shekara daga kudancin Afirka take tasowa, ta yi ƙwai a wurinmu, ta rage mana fara a gona.

Sai wani yaro ya zaro danƙo. Muka miƙa masa kyamara. Ya daɗe a tsugune kafin ya sami hotonta, har ya manta da danƙon.

Annabi Irmiya ya ambaci shamuwa, cewa ta san lokacinta. Iyaye, in mun sare rimi, yaranmu kuma suka harbe ta, wa zai riƙa sanar da mu damina ta zo?