Marinar Ƙofar Mata Da Dattawanta

Duk baƙon da ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata, kafin ya kai Asibitin Murtala, zai ji warin baba ya tarbe shi. Nan ne marinar da ake cewa an kafa ta tun 1498, watau ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ramuka ne birjik a fili guda, waɗansu cike da shuni, waɗansu kuwa sun bushe, an bar su ga ƙura da leda.

Abin da zai fara ɗaukar idon baƙo ba ramukan ba ne, masu aikin ne. Da yawansu dattawa ne masu furfura, hannuwansu sun rine. Aikin kuwa ba na rago ba ne. Sai an zuba ruwa da toka da baba a ramin da ya fi tsayin mutum zurfi, a yi kwanaki ana motsa shi da muciya har ya nuna. Sa'an nan marini ya zauna a bakin rami, ya tsoma zane, ya cire, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa. Zanen yakan fito da ɗan kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi, don haka babu hanyar gaggawa. In ana son baƙi wuluk, sai a wuni ana yi. Can gefe ga mabuga, suna luguden zane a kan gungume har ya yi ƙyalli.

To, a nan ne ra'ayi ya rabu. A al'adar Bahaushe, in mutum ya manyanta, hutu ne ladansa: a shimfiɗa masa buzu a zaure, a kawo masa fura, jikoki su kewaye shi. Ɗan da ya bar mahaifinsa yana dama rini da shekara saba'in, ana iya zarginsa da rashin tausayi, kuma zargin yana da ciwo. Amma dattawan marina suna ganin cewa wanda aka zaunar, gwiwarsa ce ke fara tafiya, sai ƙugu ya biyo baya, daga nan sujada ma ta gagara sai a zaune. Gaskiya ne waɗansunsu talauci ne ya hana su tashi, kada a yi wa wannan ado. Duk da haka, motsi ya fi laɓewa, kuma masana sun goyi bayansu: a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Marini yakan cika wannan kafin azahar ɗin rana guda.

Lokacin da Bature Barth ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yadda rinannen tufafin garin ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yau yadin kanti da rinin zamani sun cinye kasuwar, samari kuma da dama sun gwammace tuƙin A Daidaita Sahu, wanda ake yi a zaune.

In la'asar ta yi, dattawan sukan rufe ramukan, su wanke hannu iyakar abin da zai fita, su tashi sallah. Gobe da hantsi kuma muciya na jiran su.