Dala Ashirin a Maƙogwaron Inji

A daren jajibirin suna injin wanki ya tsaya a gidan wani ma'aikacin gwamnati, a unguwar Zariya ta Maraɗi. Uwargida tana ɗaki da jinjiri ɗan kwana shidda. Dangi sun iso daga Tasawa da Madarunfa tun la'asar, tabarmi sun cika tsakar gida, rago yana ɗaure a gindin dogon yaro. A cikin injin kuwa akwai zannuwan mai jego, da kayan jariri, da farar rigar da maigida ya yi niyyar sawa da safe idan malamai sun taru. Injin ya gama wanki, ya zo wurin zubar da ruwa, sai ya yi ta gurnani ƙasa-ƙasa, ruwa bai fita ba. Ta gilashin ƙofa ana hango kaya kwance cikin ruwa mai launin toka, ƙofar kuma ta ƙi buɗuwa.

Injin ba sabo ba ne. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kuɗin kayan waje ya ninka cikin dare ɗaya, ma'aikaci ya saba da sayen abin da Turawa suka gama mora, daga mota har firigo. Wannan ma irinsu ne, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano tun kafin a rufe iyaka a 2023, ya ci wa maigida kusan albashin wata guda. Rubutun da ke jikinsa na Jamusanci ne, littafinsa bai biyo shi ba. Maigida ya koyi maɓalli biyu, na kunnawa da na wanki, ya tsaya nan. Ya kuma kafa doka cewa ban da shi da uwargida ba mai taɓa injin. Idan baƙi sun zo yakan bar ƙofar ɗakin a buɗe, don mai wucewa ya gani.

Da abin ya faru, sai ya fara neman mai laifi. Ya soma da kuran, ya ce hawa da saukar wuta ne suka ƙone wani abu. Amma fitilu suna ci lafiya, firigo yana aiki. Ya koma kan ɗan kasuwar da ya sayar masa. Amma wannan yana nesa, ba ya jin zagi. Sai idonsa ya faɗa kan ƴar aikin gidan, wata budurwa daga ƙauyen wajen Dakoro, wadda take tsugune tana wanke tukwanen gobe.

"Ke ce kika taɓa shi?"

"Wallahi, Baba, ban taɓa ba."

Bai saurara ba. Ya ɗaga murya har matan da ke gyaran shinkafa suka tsaya. Ya ce ƴan ƙauye ba su san darajar kaya ba, ya ce kuɗin gyara daga albashinta za su fita, ya ce kuma da an watse suna ta haɗa ƙullinta. Yarinyar ba ta ƙara cewa komai ba, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da dirzar tukunya. Shi kuma ya ɗauko wuƙa ya durƙusa, zai ɓalle ƙofar injin da ƙarfi.

A nan ne kawun uwargida ya taso daga tabarmarsa. Dattijo ne da ya yi shekaru masu yawa yana gyaran manyan motoci a hanyar Tawa zuwa Arlit, bai kuma taɓa buɗe injin wanki ba. Maigida ya miƙe da sauri, don ba a durƙusa da wuƙa a hannu gaban suruki.

"Kawu, ku huta abinku, yanzu zan buɗe shi."

"Ajiye wuƙar, Malam. Duk abin da ke shan ruwa yana da mafitsara. Bari mu nemi tasa."

Dattijo ya sa aka mayar da injin wurin zubar da ruwa, ya kanga kunne a jikinsa daga ƙasa. Gurnanin ya dawo. Ya ce wannan albishir ne. A ƙasan kowane irin wannan inji akwai ɗan famfo mai farfela, ƙarfinsa bai wuce na ƙaramin ƙwan lantarki ba, wat 30 zuwa 40, aikinsa ya tura ruwan datti waje. Idan an zo lokacin zubarwa aka ji shiru, to ko dai famfon ya ƙone ko waya ta tsinke, wannan sai mai gyara. Idan kuwa yana gurnani ruwa bai fita, famfon yana da rai, wani abu ne ya tare masa hanya. Ƙofar ma ba taurin kai take yi ba. Akwai wata ƴar na'ura da ke auna ruwan ciki ta hanyar iskar da ruwan ke matsawa cikin wani siririn tiyo. Muddin ta ji ruwa, ba ta barin injin ya matse kaya, ba ta kuma sakin ƙofa, domin da ta buɗu ruwan a tsakar ɗaki zai malale. Wuƙar maigida da makulli kawai za ta karya, ta ƙara masa ɓarna ta biyu a kan ta farko.

Kafin a taɓa komai, dattijo ya ce a zare waya daga bango, a rufe famfon shigar ruwa. Wuta mai ƙarfin bolt 220 da jiƙaƙƙen siminti ba sa haɗuwa da ƙafar mutum a rabu lafiya. Ya tambaya ko da ruwan zafi aka yi wankin, aka ce da na sanyi. Ya ce da na zafi ne sai an jira ya huce. Sa'an nan aka jawo injin daga bango aka duba babban tiyon baya, ko ya lanƙwashe, ko an ɗora masa wani abu. Lafiyarsa lau, bakinsa kuma yana rataye inda ya kamata, tsakanin santimita 60 da mita guda daga ƙasa. Dattijo ya sauke shi ya kwantar cikin kwano. Da hanya a buɗe take, ruwa zai gangaro da kansa ko babu famfo. Sai ga shi yana ɗiga kamar hawaye. Ya ce to, cutar tana ciki, tsakanin ganga da famfo.

Ya bi gaban injin da tafin hannu har ƙasa, a kusurwar dama ya sami wata ƴar ƙofa mai faɗin tafin hannu. Maigida ya sha ganinta, ya ɗauka ado ne. Da aka tura ta da bakin cokali ta buɗe, sai ga murfi zagayayye, da wani gajeren tiyo mai toshe a baki. Ana bukatar mai riƙe fitila da mai kwashe ruwa. Dattijo bai kira kowa cikin samarin gidan ba, ya kira yarinyar.

"Zo, ɗiyata, kawo faranti mai zurfi da bokiti."

Ta gajeren tiyon aka riƙa tsiyayar da ruwan cikin faranti, in ya cika a toshe, ta juye a bokiti, a sake buɗewa. Aikin ya ɗauki wajen rabin sa'a, bokiti ya cika har aka soma na biyu. Maigida yana tsaye da fitilar wayarsa, ba shi da abin yi sai kallo. Da ruwan ya ƙare, dattijo ya shimfiɗa tsumma, ya murɗa murfin zuwa hagu a hankali, ya zaro shi. Mataci ne, an yi shi don ya tare tarkace kafin su kai ga farfela, an kuma sa shi a gaba don mai inji ya riƙa buɗewa da kansa. Tun da injin ya shigo gidan ba a taɓa buɗe shi ba.

Abin da ya fito ya cika faranti: curin zare da gashi mai wari, rairayi kusan cikin tafin hannu, irin wanda hunturu ke cusawa cikin kowace tufa a Maraɗi, ƙwallon dabino, maɓallin riga, da dala ashirin guda da ta kwanta daidai bakin hanya kamar an auna. Dattijo ya haska ramin, ya tura yatsa, ya ce farfelar ba ta motsi. Ya lalubo a hankali ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe, irin wanda ake maƙale takardu da shi a biro. Can cikin curin zaren kuma ga wasu biyu. Ya sake juya farfelar, ta juya tana ɗan tsalle. Ya ce haka take, maganaɗisun ciki ne ke riƙe ta.

Yarinyar ta ce, murya ƙasa, tun mako biyu da suka wuce take jin wani abu yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ta so ta faɗa, ta ji tsoron a ce ta kusanci injin. Dattijo ya jera ƙarafan uku a gefen faranti, ya jira ta fita da bokiti, sa'an nan ya ce, "Malam, wa ke zuwa biro a gidan nan?" Bai jira amsa ba. Ya wanke matacin, ya mayar, ya ɗaure murfin sosai, aka rataye tiyo, aka sa waya. Famfo ya yi tari ya tofar da sauran ruwa, ganga ta juya ta matse kaya, bayan minti biyu ƙofa ta yi ƙas ta buɗe. Ba a kashe ko tamma ɗaya ba.

Mai karatu da ya san ofisoshi da shaguna ya san irin wannan gawa: injin kwafin takardu a lungu an lulluɓe shi da zane, na'urar sanyaya ɗaki da ta shekara ba ta aiki, injin wuta da ake cewa sai an aiko da kayansa daga Kano. Wasu sun mutu da gaske. Da yawa kuwa matacinsu ne ya toshe, ba wanda ya durƙusa ya duba. Kiyayewar ba ta da wuya: a zazzage aljihu kafin wanki, a kakkaɓe rairayi, a rage garin sabulu don kumfa mai yawa yana ruɗa na'urar awo, a buɗe ƴar ƙofar nan kowane wata biyu ko uku. Amma ga mai girman kai durƙusawa gaban kayansa ta fi biyan mai gyara ciwo, kuma wanda bai san cikin kayansa ba, in sun lalace, mutum yake nema. Laifi kuwa halin ruwa gare shi, gangare yake bi. Ba ya hawa wurin mai albashi, sai ya sauka kan ɗan aike, ko yaron shago, ko ƴar aiki, wanda ba shi da bakin musu kuma abincinsa yana hannun mai zarginsa.

An shanya kayan a igiya, iskar hunturu ta busar da su kafin asuba. Maigida dai bai yi barcin kirki ba. Bayan sallah ya sami kawun a zaure, ya nuna masa jikka biyu da ya ƙudure zai ba yarinyar a ɓoye. Dattijo ya ce kuɗin ba laifi, amma abin da aka ɗaure gaban mutane, gaban mutane ake kwance shi.

Da aka raɗa suna, aka yanka rago, aka raba goro da dabino, maigida ya shiga cikin gida sanye da farar rigarsa. Matan daren jiya suna nan kewaye da tukwane. Ya tsaya har suka lura da shi, ya kira yarinyar, ya ce, "Maganar jiya ba laifinki ba ne, daga aljihuna abin ya fito. Ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, Baba," ta koma wurin murhu. Wata tsohuwa ta ce Allah ya raya abin da aka samu, aka amsa da amin.

Ba ta haɗa ƙullinta ba. Tun daga ranar ita ke zazzage aljihun maigida kafin wanki, ita ce kuma ke buɗe ƴar ƙofar kusurwar dama idan wata ya kama. Dala ashirin ɗin tana nan a kan injin, cikin murfin kwalba, ba wanda ya kashe ta.